Jirgin da Ke Barinmu a Mafarki

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiya a Landan



Mai girma shugaban taro, iyayenmu maza da mata, malamanmu, 'yan uwa da ke zaune a wannan zaure, da waɗanda ke kallonmu ta waya daga gida, barkanmu da ganin wannan rana. Na san akwai waɗanda daga aikin dare suka wuto nan ko runtsawa ba su yi ba, akwai kuma waɗanda suka yi sammako daga Manchista da Bamingam. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Kwamiti ya nemi in yi magana a kan kwanciyar hankali a zaman baƙunta. Fagen yana da faɗi, shi ya sa na tsakuro abu ɗaya da yawancinmu muka sani amma ba mu cika faɗa wa juna ba, wato mafarkin tafiya mai tayar da hankali.

Kun san irinsa. Ga ka a filin jirgi, layi ya zo kanka, ka sa hannu a aljihu babu fasfo. Ko kana ta cusa kaya a akwati, akwatin ya ƙi rufuwa, agogo kuwa yana ta gudu. Ko an kira sunanka, kana hango ƙofar shiga jirgi, ka yunƙura za ka ruga amma ƙafafu sun yi nauyi kamar an ɗaura musu dutsen niƙa. Wani kuma jirgin ya sauke shi a Kano lafiya, ya shiga mota, sai ya rasa hanyar gidansu, duk lungun da ya bi ba nasu ba ne. Iyayenmu mata sukan ga sun waiwaya babu yaro ɗaya a cikin yaran. 'Yan uwa na gida su ma suna da nasu: mota ta cika ta tashi a tasha, ko an kira sunan kowa a ofishin biza ban da kai. Mutum ya farka gabansa na dukan uku-uku, ya shafa ya ji ashe a kan gadonsa yake, kuma babu wata tafiya a gabansa ko ta mako mai zuwa.

Ina ganin ana murmushi, wasu na kallon juna. To, alhamdu lillahi, ashe ba baƙon zance na kawo ba.

Tambayar farko da kan zo wa mutum ita ce, shin ishara ce? In fasa tafiyar da na shirya? Wani abu zai sami mahaifiyata? A nan malamanmu sun riga sun sauƙaƙa mana. Ya tabbata a hadisi cewa mafarki iri uku ne: akwai na bushara daga Allah, akwai na firgitarwa daga Shaiɗan, akwai kuma zancen zuci, wato abin da mutum ya yini yana saƙawa ya biyo shi cikin barci. An kuma koya mana abin yi idan mun ga abin da ba mu so: mu nemi tsari, mu yi tofi ta hagu sau uku, mu juya kwanciya, kada mu ɗauki mafarkin muna yawo da shi majalisa-majalisa. Wanda ya shekara yana lissafin ranar ƙarewar takardar zamansa, idan ya ga fasfo ya ɓace a mafarki, ba sai ya nemi mai fassara ba. Zuciyarsa ce ke maimaita masa karatun da ya yini yana biya mata.

Likitoci ma suna da bayani, kuma yana rage tsoro. A shekarar 1953 masu bincike a Jami'ar Chikago suka gano cewa barci ba tafiya ɗaya ba ce miƙaƙƙiya. Yana zagayawa mataki-mataki, kowane zagaye kamar minti 90, kuma a cikin kowane zagaye akwai lokacin da idanu ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsu. A wannan lokaci ne aka fi yin mafarki mai tsawo da labari. Yana ƙara tsawo idan dare ya tura, shi ya sa mafarkin da muke tunawa yawanci na goshin asuba ne. A wannan mataki sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro yana aiki sosai, sashen da ke auna magana ya ce wannan ba zai yiwu ba kuwa ya yi sanyi. Sannan ƙwaƙwalwa takan ɗaure gaɓoɓin jiki don kada mai barci ya tashi ya aikata abin da yake gani. Idan mutum ya farka kafin ɗaurin ya saki, shi ne ya ji an danne shi ya kasa ko ɗaga yatsa, abin da muke kira dannau. Ba ya daɗewa, kuma ba ya illa.

To amma me ya sa namu mafarkin ya fi karkata ga fasfo da jirgi da akwati? Dalili na farko a fili yake: abin ya taɓa faruwa a farke, ko a kanmu ko a kan namu. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busiya a Ghana ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su bar ƙasar, mutanen zango da dama da aka haifa a can suka ɗaure kaya suka nufi ƙasar da ba su taɓa gani ba. A 1983 Najeriya ta yi irin wannan kora, har jakar nan da muke auna kilo 23 a cikinta ta samo sunanta. A nan Ingila, a 2018, asiri ya tonu cewa an tsare wasu mutanen Karebiyan da suka zo tun suna yara, an kori wasu, saboda ba su da takardar da ba a taɓa ce musu su ajiye ba. A watan Maris na 2020 Najeriya ta rufe filayen jiragenta ga jiragen waje, ba a buɗe ba sai Satumba, kuma a cikin zauren nan akwai waɗanda ta waya suka ji an kai iyayensu makwanci. A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, ɗalibanmu suka kwana a bakin iyakar Masar suna jiran a buɗe musu. Wanda ya san waɗannan, zuciyarsa ta koyi cewa ƙofa na iya rufewa babu sallama. Tsoronsa yana da asali.

Dalili na biyu shi ne wanda na fi so mu tsaya a kansa, don shi ne ke hannunmu. Kusan kowannenmu ya sauka a ƙasar nan da jadawali a zuciyarsa. Shekara biyu in gama karatu in koma. Shekara biyar in tara jari. In gama ginin gida, in kai Hajiya Makka, in aurar da ƙanne, sai in tattara. Yara su tashi da Hausa a bakinsu, su yi sauka, su auri 'ya'yan gida. Babu wanda ya sa mana hannu a wannan takarda. Mu muka rubuta ta, muna da ƙuruciya, ba mu san yadda ƙasar take ba, ba mu kuma san yadda gida zai juya a bayanmu ba.

Sai rayuwa ta yi nata. Wanda ya yi lissafin gini a 2015, lokacin dala tana wajen naira 200 a farashin gwamnati, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500. Kuɗin da yake aikawa sun ƙaru a baki, amma siminti da rodi da kwano sun riga shi gudu, masu jiran taimakonsa kuma sun ninka. Gini ya tsaya a linta, ciyawa ta fito a ɗakin da aka ce na baƙi ne. Yaron da aka ce za a mayar gida kafin ya yi wayo yau shi ke tuƙa mu zuwa masallaci, ka yi masa Hausa ya amsa da Turanci. Tsohuwar da ake ginin dominta ta riga mu gidan gaskiya. Shekara biyar ta zama ashirin.

Duk da haka jadawalin yana nan, ba mu yage shi ba. Kullum muna auna kanmu da shi, kullum yana ce mana mun makara. Wannan ita ce makarar da muke gani da dare. Jirgin da ke tashi ya bar mu, rayuwar nan ce da muka tsara wa kanmu muka ga tana tafiya babu mu. Akwatin da ya ƙi rufuwa kuwa, kowa ya san abin da ya cusa a nasa: alkawarin da ya yi wa uwa, buƙatun dangi, kunyar komawa hannu rabbana, da maganar mutane. Hausawa sun ce sa zuciya ga ci shi ke kawo jin yunwa.

Abin da ya fi damuna a wannan hali shi ne asarar da yake jawowa a farke. Akwai mai shekara 15 a nan da bai taɓa sayen kujerar kirki ba, wai ai tafiya zai yi. Akwai wanda bai shiga tsarin fansho na wurin aikinsa ba, bai san sunan maƙwabcinsa ba, bai taɓa zuwa taron iyaye a makarantar 'ya'yansa ba, duk saboda yana ganin nan ba wurin zama ba ne. Can kuma ba ya nan: ba ya suna, ba ya biki, ba ya jana'iza. An ce gida biyu maganin gobara, amma wanda ya tsaya a tsakanin gida biyu bai shiga ko ɗaya ba, ruwa a kansa zai ƙare. Yaran kuma suna ji. Yaron da ya tashi yana jin cewa rayuwa ta gaskiya tana can wani wuri, za a fara ta wata rana, shi ma sai ya rasa inda zai kafa ƙafarsa.

'Yan uwa, ba mu ne farkon Hausawan da suka fita da niyya ɗaya Allah ya yi musu wata ba. Ku dubi kalmar zango. Asalinta wurin da ayari ke sauka ne, madugu ya ce a sauke kaya, jakuna su sha ruwa, a kwana a tashi. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro haka suka riƙa yada zango a hanya. Yau ka je Kumasi ko Akara ka ce zango, za a nuna maka unguwanni masu masallatai da makarantu da sarakuna, inda aka haifi kakanni da jikoki. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya je Salaga lokacin tana babbar kasuwar goro. Yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya koma Kete-Krachi, a can ya karantar, ya yi rubuce-rubucensa, ya yi limanci, a can ya rasu a 1934. Da ya zauna jiran ranar da Salaga za ta dawo yadda take, da ba mu san sunansa ba.

Ku dubi gabas kuma. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka nufi gabas. Suka sauka a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar a Sudan, garin da suka kafa har yau Mai Wurno ake ce masa. Bayansu dubban mutanenmu sun bi wannan hanya a ƙasa da niyyar hajji, suna tafiya suna tsayawa neman guzuri. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, da yawa suka tsaya aiki, tsayawar da ta zama zama. Wani masani mai suna Bawa Yamba ya zauna da su, ya fitar da littafi a kansu a 1995, inda ya nuna cewa har jikokin da aka haifa a can suna ɗaukar kansu matafiya ne a kan hanyar Makka. Niyyar ba ta mutu ba. Amma sun yi noma, sun yi aure, sun buɗe makarantun allo, sun binne mamatansu. Ba su jingine rayuwa sai ranar da suka isa ba.

Misali mafi girma yana cikin tarihin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, kuma shi ma da mafarkin tafiya ya fara. Ya ga shi da sahabbansa sun shiga Makka cikin aminci suna ɗawafi. A shekara ta 6 bayan hijira suka ɗaura harami, su wajen 1,400, suka kama hanya. Aka tare su a Hudaibiyya, aka yi sulhu a kan su juya, sai baɗi. Abin ya yi wa sahabbai nauyi ƙwarai, har Sayyidina Umar ya je ya yi tambaya a kan alkawarin. Amsar da ya samu ita ce, an ce za su shiga, amma ba a ce bana ba. A shekara ta 7 suka shiga suka yi umara, sulhun da suka ƙi a ransu kuma ya zama buɗi. Ku lura, wannan mafarkin gaskiya ne, na Annabi, amma bai zo da kwanan wata ba. Sahabbai ne suka sa masa rana da kansu, kuma ranar ce ta ba su wahala. To ina ga namu buri, da babu wahayin da ya tabbatar mana da shi?

Saboda haka kada wani ya fita ya ce na ce a daina son komawa gida, ko a daina shiri. An umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu dogara ga Allah. Abin da nake roƙo shi ne mu raba niyya da wa'adi. Niyya taka ce: ina so in amfani iyayena, ina so 'ya'yana su san asalinsu, ina so in tsufa cikin mutunci. Wa'adi da siffar da abin zai zo da ita ba naka ba ne. Mai yiwuwa amfanin da za ka yi wa mahaifiyarka ba bene ba ne, kuɗin magani ne a kan lokaci da kiran waya kowace Juma'a. Mai yiwuwa 'yarka ba za ta zauna a garinmu ba, amma za ta riƙa zuwa, ta san ɗakin kakarta, ta koya wa nata 'ya'yan gaisuwa. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Bari in kawo abubuwan da za a iya farawa da su tun daga daren yau.

Na farko, tsoron da ke da magani a yi masa magani da rana. A duba ranar ƙarewar fasfo da takardar zama ta kowa a gidan, a rubuta a wuri ɗaya. A ɗauki hotonsu a ajiye, a ba wani amintacce kwafi. Wanda takardunsa ke da matsala ya nemi lauya mai rajista, ya bar shawarar majalisa. A ware kuɗin tikitin gaggawa ko da kaɗan-kaɗan ne, ko ta hanyar adashi. A rubuta wasiyya, a faɗa wa iyali inda ake so a binne mutum. Maganar tana da nauyi, amma wanda ya yi ta yakan ji an sauke masa kaya.

Na biyu, a zauna da maigida ko uwargida a fito da tsohon jadawalin a duba shi da idon yau. Wanne ne har yanzu muke so? Wanne ne muke riƙe da shi don kunya kawai? Ginin da ya shekara goma a linta, ko a rage shi a rufa ɗaki biyu wani ya shiga, ko a sayar, duk sun fi a bar shi yana cin zuciya.

Na uku, a gyara barcin kansa. Masu aikin dare su yi ƙoƙarin tsayar da lokacin kwanciya, su duhunta ɗaki. Shayi mai kauri da kofi da goro suna awanni a jiki, a rage su idan kwanciya ta gabato. A daina karanta saƙonnin gida da labarai a kan gado, don abin da ka kwanta da shi da shi za ka kwana. A sani kuma wasu magunguna suna kawo munanan mafarkai, kamar ƙwayar rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna meflokwin da akan ba masu zuwa gida, da wasu magungunan hawan jini. Kada a daina sha da ka, a koma wa likita ya duba.

Na huɗu, idan mafarki ɗaya ya nace, akwai dabarar da likitoci ke koyarwa. Da rana, hankali kwance, ka rubuta shi, ka sauya masa ƙarshe: ka sa hannu ka sami fasfon, ko jirgin ya tashi aka ce ga wani nan da awa ɗaya. Ka riƙa kawo sabon labarin a ranka na 'yan mintuna kowace rana. Mutane da yawa suna samun sauƙi da wannan.

Na biyar, akwai 'yan uwanmu da ba ta filin jirgi suka zo ba. Sun bi ta Agadas, sun ratsa sahara, sun ga abin da suka gani a Libiya da kan teku. Wanda abin da ya faru da shi ke dawo masa cikin barci, har yana tsoron kwanciya, ko ya kasa aiki, ko ya ji rayuwa ta fita daga ransa, wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma yana da magani. Ya je wa likita. Faɗa wa likita neman magani ne, ba yawo da mafarki ba ne. Mu kuma kada mu ce masa raunin imani ne, mu raka shi.

Sai ku 'yan uwa na gida. Tambayar nan ta yaushe za ka dawo, mun san ƙauna ce ke kawo ta. Amma wani lokaci tana sauka a kan mutumin da ya kwana bai yi barci ba saboda ita. Ku riƙa haɗawa da yaya jikinka, yaya yara, kana samun hutu kuwa. Matasanmu masu jiran biza kuma, ku nema, Allah ya ba da sa'a, amma kada ku ajiye sana'a da karatu da aure a ƙofar ofishin jakadanci. Shekarun jira su ma a cikin kwanakin mutum ake ƙirga su.

Kakanninmu idan suka isa zango, ko da kwana ɗaya za su yi, sai sun sauke wa dabbobi kaya, sun hura wuta, sun gaisa da mutanen gari. Ba a kwana da kaya a ka. Mu ma mu sauke, mu zauna inda Allah ya ajiye mu zama na mutunci, mu riƙe zumuncin gida da hannu biyu. Ranar tashi idan ta zo, ba za ta wuce mu ba.

Allah ya ba mu barci mai daɗi da farkawa cikin aminci. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rasu muna nesa, ya shirya mana zuriya, ya sa inda za mu ƙare ya zama alheri gare mu.